Shekarar da Yaya Mato Ya Tuge Danga

Na san abin da 'yan'uwanku na Toranke ke gaya muku in kun je yawon sallah. Cewa suke yi ubanku ne ya raba gandun kakanku, wai boko ya shiga kansa har ya ga ya fi ƙarfin cin tuwo da 'yan'uwansa. Na daɗe ina jin maganar nan ina haɗiyewa. Yanzu da na ga har jikoki sun fara ɗauka, gara in rubuta yadda aka yi tun hannuna na iya riƙe alƙalami. Boko na da hannu a ciki, wannan ban musa ba. Sai dai kan wana Mato ya shiga, mutumin da har ya koma ga Allah bai iya karanta sunansa da boko ba. Kuma ta bakina ya shiga, abin da har gobe in na tuna nake jin haushi.

Babanmu ya rasu jim kaɗan bayan an gama yaƙin basasa. Ya bar mu maza uku: Yaya Mato babba, sai ni Shu'aibu, sai autanmu Ilu wanda bai yi aure ba tukuna. Gandu muke yi kamar kowa a lokacin. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tuwon dare daga tukunya ɗaya, mata na karɓar girki bi da bi. Amma kowane mai aure yana da sashensa da dangar kara ta kewaye shi, kowace mace tana da ɗan murhunta na dama koko da ɗumame, in an kwashe tuwo kuma maza su ci a zaure, mata kowace ta ja kwanonta ta shige sashenta. Ni ina koyar da ajin yaƙi da jahilci a Gaya, sai ranar Alhamis nake hawo keke in zo gida, Asabar in koma. Yaya Mato shi ke riƙe da gida, kuma tun ranar da aka yi sadakar arba'in ya shiga wani irin tsoro. Yana ganin gidajen maƙwabta, da zarar uba ya kwanta dama sai a kira dattawa a raba gona. Ga Ilu kullum maganarsa Kano, Kano. Baba kuwa a ciwonsa na ƙarshe ya kama hannun Yaya ya ce kada ya bar gidan ya watse. Maganar nan ta zauna masa a ƙirji, ko tari ɗayanmu ya yi sai ya ɗauka shirin tafiya ne.

Ana cikin haka wani abokin aikina a Gaya ya ba ni aron wani littafin ƙagaggen labari da ya samo a Kano. Bangon ya yage, ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba, kuma Allah ya taimaki mutumin da ban san shi ba. Labarin wani gari ne da babu bango ko ɗaya a cikinsa. Jinkar ɗakuna a sama take tsaye ita kaɗai, ba abin da ya tallafe ta. A tsakiyar gari akwai tukunya ɗaya da sai an hau tsani ake leƙa cikinta, kowa a nan yake ci, babba da yaro, a fili, ido na ganin ido. Da safe kowa zai je ya zuba mafarkin da ya yi a cikin rijiya, a jawo a sha tare, don kada wani ya fi wani mafarki mai daɗi. In suna son ruwan sama sai su taru su ɗaga hannu, in hannuwa sun yi yawa sai hadari ya taso. Duk wanda ya kuskura ya ce wani abu nasa ne, inuwarsa sai ta yi fushi ta bar shi ta koma bin wani. Akwai ma wani tsohon jaki da ke raba gardama, wai don shi kaɗai ne ba ya son kowa fiye da kowa.

Na karanta shi a ɗakina na Gaya ina tsaki. Rubutun da daɗi, wannan gaskiya ne, mutumin ya iya jera magana. Amma ina bi ina tambayar kaina, shin marubucin nan a gidan mutane ya tashi kuwa? Gari guda, babu wanda ke da suruki. Babu mai jego, babu mai gudawa, babu tsohon da haƙoransa suka zube yake jin nauyin a ga yadda yake tauna. Tukunyar nan mai tsani, ba a taɓa faɗin wanda ke shiga ya kankare ƙanzonta ba. Duk mutanen garin kamar daga ƙwarya ɗaya aka zubo su, lafiyayyu, masu fara'a, marasa kunya. Na yi niyyar mayar wa mai shi, sai na ce bari in kai gida mu yi dariya da su Ilu. Bazara ce, babu aikin gona, bayan la'asar mukan zauna ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya da 'yan maƙwabta. Nan na buɗe na fara karanto musu, ina ƙara gishiri, ina kwaikwayon muryar jaki. Ilu har da faɗuwa daga kan turmi. Kowa na ta dariya ban da mutum ɗaya. Yaya Mato ya ajiye igiyar da yake tufka, ya zuba mini ido.

"Shu'aibu, koma wurin nan na tukunya."

Na koma. Ya ce in sake. Na sake.

"To su mutanen nan, in ubansu ya mutu, raba gado suke yi?"

"Yaya, ai babu su. Ƙarya ce wani ya zauna ya shirya."

"Na ji ƙarya ce. A cikin ƙaryar, suna rabawa?"

"Ba sa rabawa. Me za su raba, ba wanda ke da komai?"

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Ka gani ko. Danga ce ke kawo shi. Mutum ya shige bayan danga, ya ci shi kaɗai, ya yi tunani shi kaɗai, gobe sai ka ji ya ce a ba shi nasa."

Na ce masa a garin nan fa jaki ne alƙali. Ya ce wannan ba ruwansa, shi abin da zai yi amfani ya ɗauka. Ni kuwa na ɗauka hira ce ta ƙare a nan. Asabar na hau kekena na koma Gaya da littafin a jaka, ban sake tunawa da zancen ba.

Alhamis ta zagayo na dawo. Na jingine keke a zaure, na sa kai cikin gida, sai na tsaya ina waige-waige kamar wanda ya yi ɓatan kai. Gidanmu ya zama fili fetal. Dangar da ta raba sashen Yaya da nawa babu ita, wadda ta kare ɗakin Ilu babu ita, an tuge an tara karan a gefe. Ƙananan murahun mata an tone duwatsun, tukwanensu da kwanukansu an haɗa an jera a rumfa ɗaya. Shi kuma gogan ya ɗauko buzunsa daga zaure ya shimfiɗa a tsakar gida, yana tufka yana murmushi, shi a dole ya gyara duniya. Ya ce daga yau ba mai ci a ɓoye. Maza tabarma ɗaya, mata tabarma ɗaya, amma duk a tsakar gida, lokaci ɗaya, kowa na ganin kowa. Na ce Yaya wannan wane irin abu ne, ya ce ai ni na karanto. Na ce don dariya na karanto. Ya ce to shi bai ji abin dariya ba. Liman ma ya aiko aka kira shi ya yi masa magana, Yaya ya dawo ya ce liman bai hana ba, cewa kawai ya yi bai taɓa gani ba. Haka Yaya yake. In ya kafe, ko katangar birni sai ta fi shi saurin matsawa.

Yanzu sai in gaya muku halin da mahaifiyarku Hansatu take ciki, don ku na yanzu ba lalle ku gane ba. Ba ta daɗe da dawowa daga wankan jego a gidansu a Gafasa ba, ta dawo ɓul-ɓul da ita, da ke Sa'adatu a baya, kin yi kumatu kowa na son ɗauka. Ke ce 'yar fari. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta fito da nono ta ba shi a gaban manya. Wan miji kuwa suruki ne sosai. Tun da aka kawo Hansatu gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da Yaya ba. In ta ji takunsa sai ta juya baya ta durƙusa ta gaida shi daga nesa. Cin abinci a gabansa kuwa, ko a mafarki. Dangar nan ita ce ke ba ta damar ta zauna a inuwa ta miƙe ƙafa, ta ci ta ƙoshi, ta ba 'yarta nono. Yanzu ƙofar ɗakinta na kallon buzun Yaya daga safe har magariba.

A zuwana na farko na ga ta zauna a tabarmar mata ta juya baya, mayafi har goshi, tana taɓa tuwon kamar mai tsoron ya cije ta. Na tambaye ta a ɗaki.

"Lafiya lau, Malam. Zafi ne ya hana ni ci."

Na yarda, don zafi ake yi na gaske. Na koma Gaya ina ta masifa a raina da marubucin da ban sani ba. Na sake buɗe littafin ko zan sami wurin da garin ya rushe in kai wa Yaya, na bi shi har shafin ƙarshe. Ina! Garin nan lafiya ƙalau ya ƙare, suna ta ɗaga hannu ruwa na zuba. Na jefar da shi bayan akwati.

Makonni suka wuce a haka. Ilu ya fara cin abinci a kasuwa don ya ce shi ba zai iya tauna ana ƙirga masa loma ba. Yaya kuwa kullum ƙara jin daɗi yake, yana cewa gida ya zama ɗaya. Wata Alhamis ina shigowa gari sai na ci karo da Tabawa, matar Yaya, ta fito daga gidan maƙwabta. Tsakanina da ita wasa ne, ƙanin miji da matar wa, kullum sai ta tsokane ni da ɗan boko mai wandon Bature. Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta ja ni gefen katanga.

"Kai Malam, idanunka na karatu ne kawai, ba sa ganin mutum?"

"Me ya faru kuma?"

"Matarka za ta mutu da yunwa a gaban tuwo. Loma biyu take yi ta tashi. Na ɓoye mata ɗumame a ƙwarya, yayanka ya gani ya ce a dawo da shi rumfa, ba mai ci a ɓoye. Yarinyar nan kuma sai ta yi kuka ta gaji kafin uwar ta saci jiki ta shige ɗaki da ita, ɗakin kamar tanda. Nonon ma ya janye. Jiya ruwan koko na ɗura mata."

"Ke ba ki gaya masa ba?"

"Na gaya masa har na gaji. Cewa ya yi za ta saba, wai kunya ma danga ce. Ka ji fa! Ni dai na faɗa maka, in ka bari 'yar nan ta lalace, kai da littafinka."

Na shiga ɗaki na tarar da Hansatu a zaune cikin duhu da rana tsaka, gumi na zuba, ke kuma kina kan cinyarta. Na ɗauke ki, sai na ji kamar tsumma na ɗauka. Kumatun nan duk sun tafi, maɗigarki ta faɗa, kukan ma ba ya fita sosai. Na tsorata, tsoron da ban taɓa ji ba. Na dubi uwarki, wuyanta ya yi tsawo, zanen da ta dawo da shi daga Gafasa sai ta naɗa shi ya kusa zagaya ta sau biyu.

"Hansatu, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta sunkuyar da kai. "In ce me, Malam? In kai ƙarar Yaya?"

Na mayar mata da ke na fito. Yaya ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, sai la'asar zai dawo. Na tuɓe rigata, na je inda aka tara karan nan, na ɗebo, na ɗauko dagi na fara haƙa ramukan dirka a daidai inda tsofaffin suke. Ilu ya zo ya tsaya yana kallo, can ya kama mini. Muka tsayar da danga, karkatacciya dai, don ni ba gwani ba ne. Na je rumfa na ɗauko tukunyar Hansatu da kwanonta, na mirgino duwatsu uku na kafa mata murhu. Ina sane da abin da nake yi. A garinmu in ƙani ya ɗauki tukunya daga ta gandu ya kafa murhu da hannunsa ba da izinin babba ba, kowa ya san ma'anarsa. Amma ina jin numfashinki ta bayan ƙofa, ban ga wani abin da ya rage in yi ba. Tabawa ta kawo gari da kuka, ta hura wuta, ta tuƙa tuwo mai laushi. Hansatu ta zauna bayan danga ta ci, tana ci hawaye na zuba.

Yaya ya dawo ya tarar da hayaƙi na tashi daga sashena. Ya tsaya tsakar gida da sandarsa, yana kallon dangar.

"Shu'aibu, wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka raba tukunya ke nan."

"Ban raba komai ba. Matata ba ta iya ci a gabanka. 'Yata ta kusa mutuwa. Shigo ka gani."

"To me ya hana ta faɗa mini?"

Nan fa haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan.

"Yaya, don Allah yaushe ta taɓa yi maka magana? Tun da aka kawo ta ka taɓa jin muryarta in ba gaisuwa ba? Kai ka san wannan, a gidan nan aka haife ka! Garin da kake kwaikwayo babu shi. Wani ne ya zauna a inuwa ya ƙaga shi, ya manta bai sa mai jego a ciki ba!"

Tabawa ta fito da ke ta miƙa masa. Ya karɓe ki a hannu ɗaya, ya taɓa kanki da yatsa, ya ji yadda maɗigar ta faɗa. Na ga fuskarsa ta sauya. Na ɗauka shi ke nan, zai ce a mayar da dangogi kowa ya koma yadda yake. Da haka ya yi da yau ba na wannan rubutu. Amma maƙwabta sun riga sun taru a zaure sun ji ƙani na yi wa wansa tsawa, sun ga hayaƙi biyu na tashi a gida ɗaya. Kuma shi a zuciyarsa ya riga ya ɗaure amanar Baba da wannan tsari nasa, in tsarin ya faɗi to amanar ta faɗi. Ya mayar wa Tabawa da ke, ya ce a hankali,

"A ba ta nonon akuyata har na uwar ya dawo."

Sannan ya dube ni.

"Baba ya ce in riƙe, na riƙe iyakar iyawata, ban iya ba. Tun da ka kafa murhu, a kira dattawa kafin ruwa ya sauka."

Na roƙe shi. Na turo masa liman, na turo kawunmu, na ce murhun koko ne kawai irin na da, noma tare za mu ci gaba da yi. Ya ce shi ba fushi yake ba, amma abin da ya tsage ya tsage. Kafin shuka aka zaga gona aka dasa ciyawar gamba a kan iyaka. Ilu ya ba da aron nasa kason ya tafi Kano, daga nan sai sallah muke ganinsa. Littafin kuwa na mayar wa mai shi na ce kada ya sake ba mai iyali. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Nonon Hansatu ya dawo kafin damina ta yi nisa, ke kuma Sa'adatu kika murmure, ga ki nan yau da naki jikokin. In da za a mayar da ni ranar nan da dagi a hannu, ramukan nan zan sake haƙawa. Amma kada wani ya ce muku abin bai ci mini komai ba.

Bayan kaka, wata Alhamis na dawo daga Gaya na tarar da karkatacciyar dangata babu ita. A wurinta ga katangar ƙasa, doguwa, ta fi tsayin mutum, an shafe ta sumul. Tabawa ta ce Yaya ne ya kwaɓa ƙasar, shi ya yi tubalin, shi ya gina da hannunsa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya ce dangar kara ana hango mutum ta tsakaninta, yarinyar nan Hansatu ta sha wahala, a bar ta ta sake. Na bi katangar da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan ina neman inda ya bar ƙofa. Bai bari ba. Ya fasa mini wata ta baya, mai fita kan hanya. Tun daga ranar har ya rasu, in zan gaida wana sai na fita titi, na zaga ta zauren ubana, na yi sallama, na tsaya ina jira a ce in shigo.